Ta Ina Mai Sha'awar Gasar Harbi da Bindigar Iska Zai Fara?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa ya kalli gasar harbi da bindigar iska a wasannin Olamfik na Faris na 2024, abin ya kwanta masa a rai, yana kuma so ya koya har ya kai ga shiga gasa. Yana neman sanin wace bindiga ya kamata ya saya, da kuma ta inda zai fara.

Amsa: Malam, shawarata ta farko ita ce ka jingine maganar sayen bindiga tukuna, ka nemi ƙungiyar maharba mai rajista wadda take da filin atisaye da mai horarwa. Dalili na farko shi ne doka. A Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallaka, alhali a Jamus wanda ya cika shekara 18 yana iya sayen wadda ƙarfinta bai wuce jul (ma'aunin ƙarfin harbi) 7.5 ba, ba tare da lasisi ba. Dalili na biyu shi ne, galibin ƙungiyoyi suna ba sabon shiga aron bindiga, kuma a can ne za a cusa maka ƙa'idojin da ba a sassauci a kansu: bakin bindiga ba ya kallon ko'ina sai wajen allon saiti, yatsa ba ya taɓa kunama sai an daidaita, kuma da zarar an gama ana zura zare mai launi ta cikin bututu domin kowa ya ga babu harsashi a ciki.

Wasan da ka kalla yana ƙarƙashin hukumar wasannin harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a birnin Munich na Jamus, ya kuma shiga Olamfik a 1984 a Los Anjeles. Ana harbi ne a tsaye daga nisan mita 10, da bindigar da nauyinta bai wuce kilo 5.5 ba, da harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5 wanda kansa a baje yake domin ya huda takarda tsaf. Ba a yarda da madubi mai kusanto da abu ba, sai dai maharbi ya leƙa ta ƙaramar kafa a baya, ya sanya baƙin da'irar allo a tsakiyar zoben da ke gaban bindiga. Maki goma kuwa ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, wanda ko kusa bai kai ƙwayar gero ba. A zagayen share fage ana harbi 60 cikin minti 75, mafi girman makin harbi ɗaya shi ne 10.9 domin ana raba kowane maki kashi goma, sannan mutum takwas da suka fi maki su wuce zagayen ƙarshe.

Wannan ya isa ya nuna maka cewa aikin yana jikin maharbi ne. Bindigogin gasa na kamfanoni irin su Feinwerkbau da Walther da Anschütz suna iya jera harsashi a kusan rami guda idan aka ɗaure su a maƙala, saboda haka kusan duk kuskuren da ka gani a allo daga tsayuwa ko numfashi ko yatsa ya fito. Mai harbi da hannun dama yana juya gefen hagunsa ga allo, ya buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan tura ƙugu gaba, ya kafa gwiwar hannun hagu a kan ƙugun ko haƙarƙari, ta yadda ƙashi ne zai ɗauki nauyin bindiga, tsoka ta huta. Akwai gwajin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci ga sabon shiga: ka daidaita, ka rufe ido, ka yi numfashi biyu, sannan ka buɗe. Idan bindiga ta karkace daga allo, ƙafafu za ka gyara, kada ka jawo ta da ƙarfin hannu.

Sai kuma kunama, inda mafi yawan masu farawa suke asarar maki. Bakin bindiga ba ya taɓa tsayawa cak ko a hannun gwanaye, kuma wanda ya jira ya ga ɗigon ya zo daidai sannan ya fizgi kunama, lalle harbinsa zai baude. Abin da ake so shi ne ka fitar da numfashi, ka dakata, ka matsa a hankali har harbin ya tashi, ka kuma ci gaba da leƙe na daƙiƙa biyu bayan ya fita. Idan ka kai kamar daƙiƙa goma kana saiti ba ka harba ba, ka sauke bindiga ka sake daga farko. Yawaita atisaye ba tare da harsashi ba yana gyara wannan fiye da ɓarin harsasai, kuma a watannin farko ka fi damuwa da yadda ramukan suke taruwa wuri ɗaya, domin matsar da su tsakiya aikin murɗa saiti ne kawai.

Game da kaya, ka fara da safar hannu, sannan jaket mai tauri da ke tallafar baya, wando da takalmi su biyo daga baya. Idan lokacin sayen bindiga ya yi, wadda aka yi amfani da ita ma ta wadatar, amma ka duba shekarar da aka buga a jikin tukunyar iskarta, domin dokar gasa ba ta karɓar wadda wa'adinta ya ƙare, wanda galibi shekara 10 ne. Ka riƙa wanke hannu bayan taɓa dalma, musamman kafin cin abinci. Kada kuma ka jira sai ka ƙware kafin ka shiga ƙananan gasannin ƙungiyarku, domin harbi da agogo a kanka da bugun zuciya a kunnenka darasi ne dabam da mai horarwa zai so ka fara tun cikin shekarar farko.