Tambayi Likita: Zaman Jirgi Daga Kaduna Zuwa Jidda

Likita, mahaifiyata za ta sauke farali bana. Tana da ciwon suga, ƙafafunta kuma kan kumbura in ta daɗe a zaune. Awa nawa ne a jirgi, kuma za ta iya?
*Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada*

Allah ya sa Hajiya ta je lafiya ta dawo lafiya. Daga filin jirgin Kaduna zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,600 ne, jirgin da ba ya yada zango kan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar. Sai dai ki haɗa da zaman jira a sansanin alhazai na Mando, wanda sau da yawa ya fi tafiyar tsawo.

Abin da ya fi damuna shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin yana ninkawa idan an yi zaman tafiya na awa huɗu ko fiye. Iyayenmu kuwa sukan ƙi shan ruwa don kada alwala ta karye, ko don kunyar shiga banɗakin jirgi. Wannan ɗabi'ar tana cutarwa ƙwarai. Ki roƙe ta ta riƙa shan ruwa, tana motsa idon sawu daga zaune, tana miƙewa ta ɗan taka lokaci-lokaci. In bayan sauka ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ko numfashi ya yi wuya, a nufi asibiti nan take.

Maganinta da allurar insulin su kasance a jakar hannu, domin sanyin ɗakin kaya na iya lalata allurar. Ta riƙe dabino saboda faɗuwar suga. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, likitanta ya tsara mata lokutan magani tun daga gida.

Ina da ciki wata bakwai, maigida na so mu je Umara.
*Wata uwargida daga Kawo*

Yawancin kamfanonin jirgi suna ɗaukar mai ciki har mako 36, mai tagwaye 32, kuma bayan mako 28 sukan nemi takardar likita. In kina da hawan jini, zubar jini ko ƙarancin jini, shawarata ki haƙura sai kin sauka lafiya.

Ɗana mai sikila ne, shekararsa 12. Jirgi zai iya tayar masa da ciwon?
*Wani uba daga Rigasa*

Zai iya, Malam. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, oksijin ɗin da ke shiga jini yana raguwa. A auna jininsa kafin tafiya, ya sa rigar sanyi, ya sha ruwa sosai, maganin ciwo yana hannunka. In bai daɗe da tashi daga ciwon ba, musamman na ƙirji, a ɗaga tafiyar.