Me ya sa kifi ke ƙin cin fatsa a Lagdo idan hunturu ya kankama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ma'aikaci ne a Garwa ta arewacin Kamaru, ba masunci ba ne. Ranakun Asabar nakan hau babur in tafi tafkin Lagdo da fatsata don in huta, abin da Allah Ya ba ni in kawo wa iyali. Daga Oktoba zuwa farkon Disamba ina samu gwargwado, amma da sanyi ya yi ƙarfi sai in wuni ko ƙurungu ban kama ba, alhali tun asuba nake fita. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ina kallon bidiyon masu kamun kifi na nishaɗi a tafkunan bakin teku na Amurka, su murna suke yi idan sanyi ya fara shigowa, wai lokacin ne kifi ke ci. To me ya sa namu ya bambanta? Ko kifin ne ya ƙare a Lagdo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kifin da ka bari a Nuwamba yana nan a cikin ruwa a Janairu. Wurin zamansa ya canja, lokacin cin abincinsa ya canja, kai kuma kana zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya da abinci iri ɗaya. Mutanen bidiyon ma gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar ruwansu ce.

Jikin kifi ba ya riƙe ɗumi irin namu. Ni da kai ko ana zafi ko ana sanyi jikinmu yana wajen digiri 37. Kifi kuwa yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Idan ruwa ya yi sanyi da kamar digiri 10, aikin cikin jikinsa, daga narkar da abinci har zuwa numfashi da motsi, yakan ragu da kusan rabi. Abin da karfasa za ta narkar cikin yini guda a watan Afrilu sai ya daɗe a cikinta a watan Janairu, kuma wanda cikinsa bai sauka ba ba ya neman ƙari. Karfasa ta fi walwala idan ruwa yana tsakanin digiri 27 da 31. Da ya sauka ƙasa da 20 cinta yakan ragu ƙwarai, idan ya kai wajen 16 ko 17 kusan ta daina. Tarwaɗa ma ɗumi take so, ko da yake ta fi karfasa juriya. Kifayenmu duk 'ya'yan ƙasa mai zafi ne, ba su da wata dabarar sanyi sai dai su rage motsi su jira.

Yanzu dubi tafkunan da kake gani a bidiyo. Ɗauki irin na jihar Luwiziyana a kudancin Amurka, kamar tafkin Pontchartrain da ke gefen birnin New Orleans. Ruwansa gauraye ne, na kogi da na teku, kuma ba shi da zurfi, kimanin mita 4 ne a tsakaice. Da bazararsu ruwan yakan haura digiri 30, ya yi wa kifayensu zafi, iskar shaƙa ta ragu a cikinsa. Idan Oktoba da Nuwamba suka zo sai ya sauko zuwa ashirin da 'yan kai, wato sanyin ya kawo ruwan daidai inda kifin yake so. A lokaci guda kuma jatan lande da suka girma a fadamun bakin tafkin sukan fara fita zuwa teku, manyan kifaye su tare musu hanya, tsuntsaye su taru a sama su nuna wa mai jirgi inda ake ci. Ga kuma cikar teku da janyewarsa da ke motsa ruwan kullum. Su sanyi yana fitar da ruwansu daga zafin da ya yi yawa. Mu kuwa hunturu yana fitar da namu daga ɗumin da ya yi daidai. Ko su ɗin ma, idan sanyinsu ya tsananta a Janairu, kifinsu zurfi yake komawa ya lafe.

Abin da nake so ka lura da shi, mu ma muna da irin wannan lokaci na albarka, kuma ka riga ka ɗanɗana shi ba tare da ka san dalilinsa ba. Tafkin Lagdo ba tafkin Allah da Annabi ba ne, madatsa ce da 'yan ƙasar Sin suka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, ta tare ruwan da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 586 idan ya cika. Da damina ruwa yakan hau ya mamaye ciyayi da gonakin bakin gaɓa, kifaye su shiga can su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma a ɓoye cikin ciyawa. Shi ya sa hukumar kiwo da kamun kifi ke hana kama kifi a Lagdo daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Daga Oktoba ruwan sama ya ɗauke, injinan wuta suna ci gaba da jan ruwa, tafki ya fara ja da baya. Ƙananan kifayen nan dole su bar ciyawa su fito fili, giwan ruwa da tsage kuma su tsaya a bakin kowane kwari da kowace mashigar rafi suna jira. Ruwa bai yi sanyi ba tukuna, abinci ya yi yawa, kifi ya huta wata uku ba a dame shi ba. Abin da fitar jatan lande ke yi musu, janyewar ruwa ce ke yi mana. Idan za ka ɗauki hutun aiki don fatsa, a Nuwamba za ka ɗauka.

To idan an shiga ƙarshen Disamba da Janairu fa? Farkon abin da zan roƙe ka shi ne ka daina fitar asuba. Na san haka aka saba, kuma da zafi daidai ne. Da hunturu kuwa asuba ce lokacin da ruwan bakin gaɓa ya fi sanyi a duk yinin, domin ya kwana yana zubar da ɗuminsa. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi kamar iska. Rana za ta fito ka cire rigar sanyi da hantsi, amma ruwan bai farfaɗo ba sai bayan azahar. Ka yi karin kumallo a gida, ka isa tafki da rana tsaka, ka yi sallar azahar a can, ka zauna daga ƙarfe 2 zuwa faɗuwar rana. Digiri biyu ko uku da ruwa maras zurfi ke ƙarawa a wannan tsakanin su ne ke tayar da karfasa ta fara kiwo. Na sha zama da masunta a bakin Lagdo a irin wannan lokaci, tun ban auna ruwa da kaina ba na ji dattawansu suna cewa kifin sanyi sai rana ta dake shi.

Wurin zama ma haka. Nemi lungun da dutse ko tudu ya kare daga iskar arewa maso gabas, inda rana ke bugawa sosai kuma ruwa ba ya kaɗawa. Lagdo cike yake da manyan duwatsu, kuma dutse yana shan zafin rana ya riƙe. Mafi kyau shi ne inda ruwa maras zurfi ya yi iyaka da gangare mai zurfi, domin kifi yakan kwana a ƙasa inda sanyin dare bai cika kaiwa ba, da rana ya hau kaɗan ya sha ɗumi. Ba ya son doguwar tafiya a wannan lokaci. Itatuwan da ruwa ya cinye tun cikar tafkin su ma matattara ce, sai dai ka shirya rasa ƙugiya ɗaya ko biyu.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa a tafkuna masu zurfi wanda mai fatsa ba ya gani da ido. Yawancin shekara ruwan sama mai ɗumi yana zaune a kan ruwan ƙasa mai sanyi, ba sa gaurayuwa, na ƙasan kuma iskar shaƙarsa takan ƙare saboda ruɓewar ganye da itace. Idan hunturu ya sanyaya na sama sai ya yi nauyi ya nutse, iska ta taimaka, ruwan ya juye. An san wannan a manyan madatsun Afirka ta Yamma irin Kainji ta Najeriya da Bolta ta Ghana. Idan ka zo ka tarar ruwa ya canja launi, yana ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ka ga kifaye suna haƙi a sama, kada ka ɓata yininka a wurin. Matsa zuwa inda rafi ke shigowa ko inda iska ke kaɗa ruwa. Giwan ruwa ba ta jure ƙarancin iska ko kaɗan. Tarwaɗa kuwa tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa ko a irin wannan rana ita ake samu.

Game da abin da za ka sa a ƙugiya, rage girma. Kifin da ba ya jin yunwa ba zai buɗe baki don babbar loma ba. Ƙaramar ƙugiya, guntun tana maimakon guda, ko gara, ko ɗan curin dusa. Ka watsa dusa kaɗan don ta tara su, amma tafin hannu ɗaya ya isa, domin idan ka zuba da yawa ka ciyar da su kyauta sun ƙoshi. Zaren ma ka sa siriri. Bayan damina laka ta kwanta, ruwa ya yi garau, karin maganar nan ta "kifi na ganinka mai jar koma" ta zama zahiri, har inuwarka da ta faɗa kan ruwa tana korarsa. Cin kifin sanyi kuma a hankali yake. Totuwar da ka ɗaura a zare ba za ta nutse gaba ɗaya ba, ɗan rawa kawai za ta yi ko ta kwanta, saboda haka ka rage darma yadda ƙaramin taɓi zai nuna.

Ni da za ka bi shawarata, a Janairu ka bar karfasa ta zama ta biyu, ka nemi tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu. Su da gashin baki da ƙamshi suke neman abinci, a ƙasa suke kiwo, kuma hanjin kaza ko hanta ko yankan kifi da ka ajiye musu a ƙasa ba ya buƙatar su yi gudu. Daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba ne lokacinsu. Idan giwan ruwa kake buri, ƙaramin kifi mai rai a gefen dutse mai zurfi ya fi kifin roba da ake ja da sauri kamar yadda kake gani a bidiyo. Idan da na robar za ka yi, ja shi a hankali, ka riƙa tsayawa. Inda tsage yake kuma sai ka sa guntun waya kafin ƙugiya, haƙoransa suna datse zare nan take.

Da yake kai don nishaɗi kake yi, ba da shi kake ciyar da gida ba, ina da roƙo. Karfasar da ba ta kai tafin hannu ba ka mayar da ita. Idan Allah Ya haɗa ka da ƙatuwar giwan ruwa, ka sani manyan galibi mata ne, kuma guda ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi. Kifi ne da kan kai tsawon mita 2 idan an bar shi, amma yau masuntan Lagdo kansu suna kukan manya sun yi wuya. Tambayarka ta ko kifi ya ƙare tana da ƙamshin gaskiya ta wannan fuska, domin yawan masu su da ƙananan idon raga sun rage shi. Sai dai wannan raguwa ta shekaru ce, ba ita ta hana ka kamu tsakanin Disamba da Janairu ba. Ka kuma biya ta ofishin hukumar kamun kifi ka tambayi takardar izinin da ta shafi mai fatsar nishaɗi, ka gaida sarkin ruwan wurin da kake sauka. Shi zai gaya maka inda aka shimfiɗa kalli da mamari, wato raga da igiyar ƙugiyoyin masunta, don kada ka shiga kayan mutane, shi kuma ya san inda dorina take kwana.

Maganar dorina ba ta wasa ba ce, a Lagdo da tafkin Maga na can ƙuryar arewacin Kamaru duka. Idan ruwa ya janye sukan matsu a wurare kaɗan, da yamma kuma suke fitowa kiwo, daidai lokacin da na ce ka zauna wa tarwaɗa. Kada ka zauna a kan hanyar da ka ga sawunsu, kada ka shiga tsakaninsu da ruwa. Iskar hunturu ma takan tashi da hantsi ta tayar da igiyar ruwa a tsakiyar tafki, hazo ya rufe gaɓa har mai kwale-kwale ya rasa gabas. Idan za ka hau jirgi sa rigar ceto, ko da ka iya iyo, domin ruwan sanyi da kaya masu nauyi suna gajiyar da mutum da wuri. Kuma ka rage tsayuwa cikin ruwan gaɓa mai ciyawa saboda tsargiya.

Masu karatunmu na wajen Maga da Kuseri da Njamena, lissafin ɗaya ne amma ya fi tsanani a wurinku. Tafkin Maga da aka tare a 1979 don noman shinkafa da tafkin Chadi dukansu ba su da zurfi, dare kuma ya fi sanyi a can fiye da Garwa, don haka kifi ba shi da zurfin da zai fake, ruwan yakan sauka wajen digiri 20 ko ƙasa da haka a Janairu. Tafkin Chadi yana da nasa bambanci, domin ambaliyar kogunan Shari da Lagon ba ta gama isa gare shi sai ƙarshen shekara, wato yana cika ne a daidai lokacin da Lagdo ke raguwa.

Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi irin na masu kiwon kifi, ka ɗaura masa zare. Duk Asabar ka auna ruwa da isarka da kuma lokacin da kifi ya fara taɓawa, ka rubuta a ɗan littafi tare da wurin da abin da ka sa a ƙugiya. Wajen ƙarshen Fabrairu za ka ga lambar ta fara hawa. Ranar da ka auna da safe ka ga ta wuce 24, ka koma fitar asubarka.