Kafin ka karɓi gurbin Janairu, duba jerin kwasa-kwasanka

Ƙanena, ka ce wata jami'a a Amurka ta ba ka gurbin karatun injiniyan lantarki, amma sai Janairu za ka fara, kuma mashawarcin karatu ya rubuto cewa za ka shigo ba a kan sikwens ba. Ka duba littafin lissafi ka ga abin da ake kira sikwens can daban yake, shi ne kake tambaya me yake nufi, kuma ko akwai matsala.

Akwai, ta kuɗi ce kuwa. A bakin mashawarcin karatu, sikwens shi ne jerin kwasa-kwasan da suke ɗaure da juna, ba a barinka ka yi rajistar na gaba sai ka ci na baya. A injiniyan lantarki yawanci haka yake tafiya: Kalkulas 1, sai Kalkulas 2, sai lissafin difarenshiyal. A gefe guda ga Fiziks 1 da Fiziks 2. Waɗannan su ke buɗe maka kwas ɗin sakit, wato da'irar da wutar lantarki ke bi, sakit ya buɗe na sigina da na ilektronik, su kuma su kai ka ga babban aikin shekarar ƙarshe, wanda a wurare da yawa zango biyu ne a jere, kuma a watan Agusta ake fara shi. Digirin kiredit 120 ne ko ɗan sama da haka, a zango takwas. In ka ƙirga matakan jerin nan za ka ga sun kusa cinye zango takwas ɗin, babu rara sosai.

Kwasa-kwasan shekarar farko kusan kowane zango ana koyar da su. Na shekara ta uku da ta huɗu fa, musamman a ƙananan jami'o'i, wasu sau ɗaya ake buɗe su a shekara. Wanda ya fara a Agusta yana isa kowane kwas daidai lokacin da aka buɗe shi. Kai da za ka fara a Janairu, sai ka cika sharaɗin wani kwas a Disamba, a ce maka sai Agusta mai zuwa. Duk abin da ke bayansa ya tsaya ke nan, ga kuɗin makaranta da na haya suna tafiya.

Abu biyu ke ƙara tsawaita jerin. Na farko jarrabawar tantance matsayinka a lissafi, wadda jami'o'i da dama ke yi da manhajar ALEKS kafin rajista. Sakamakon WAEC ko NECO, ko A1 ne, ba kasafai yake cire ka daga cikinta ba. In makinka bai kai ba, za a mayar da kai ajin share fage kafin Kalkulas 1, zango guda ya ƙaru. Kada ka raina ta, ka zauna ka maimaita aljabara da tirigonometiri sosai. Na biyu, sassan injiniya da yawa ba sa karɓar D a kwas ɗin da yake sharaɗin wani. Sai C ko sama. Za ka ga an rubuta ka ci, amma na'urar rajista ta hana ka wucewa. Ka kuma bambance kwas ɗin da dole sai ka gama shi tukuna, da wanda aka yarda ka ɗauka tare da ɗan'uwansa a zango ɗaya. Irin na biyun ne ke ceton mai shigowa Janairu.

Ga biza kuma. Mai F-1, wato bizar ɗalibi, a digirin farko dole ya riƙe kiredit 12 kowane zango, kuma kwas ɗaya kawai na intanet, kiredit 3, ake ƙirgawa a ciki. Saboda haka in jerin ya toshe, ba ka da damar zama ka jira. Za ka cika gurbin da kwasa-kwasan da ƙila ba ka buƙata, ka biya kuɗinsu. Haka nan in kwas ya gagare ka, kada ka ajiye shi sai ka ga jami'in ɗaliban ƙasashen waje, domin sauka ƙasa da 12 ba da izininsa ba yana lalata matsayinka. Takardar I-20, wadda jami'a ke ba ka don neman biza, tana ɗauke da ranar gama karatu. In za ka wuce ta, tun kafin ranar ake neman ƙari.

Sikwens ɗin littafin lissafin nan ma yana jiranka, a Kalkulas 2, inda ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Farkonsa ka san shi tun sakandare, AP da GP: 2, 5, 8, 11, ko 1, 1/2, 1/4, 1/8. Sabon abu shi ne tambayar ina jerin ya dosa in bai da ƙarshe, da kuma bambanci tsakanin jerin kansa da jimlarsa. Jimlar 1 + 1/2 + 1/4 + 1/8, in aka ci gaba da haka ba ƙarewa, tana dosar 2. Amma 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4, in aka ci gaba, ba ta da iyaka, ko da yake lambobin suna ta ƙanƙancewa. Dalili: 1/3 da 1/4 sun haura rabi, daga 1/5 zuwa 1/8 sun haura rabi, haka za ka yi ta samun rabi ba ƙarewa. Nicole Oresme ya nuna wannan tun ƙarni na 14, amma har yau ɗalibai na rubuta cewa tunda lambobin sun dosi sifiri, jimlar ma za ta tsaya. A nan maki ke zubewa.

A ajin wutar lantarki kuma sikwens shi ne tsarin da fes uku, wato wutar da ke cikin wayoyi uku na layi, ke bin juna, kowanne da tazarar digiri 120. Musanya wayoyi biyu cikin ukun, injin ya juya baya. Masu haɗa injin rijiyar burtsatse mai fes uku a gida sun san wannan: injin na ƙara, ruwa kuwa kaɗan. Sai dai a Amurka wutar 60 Hz ce, wato tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ba 50 irin ta Najeriya da Nijar ba, don haka inji ɗaya zai fi gudu a Amurka. A shekara ta uku ko ta huɗu za ka haɗu da hanyar Fortescue ta 1918, mai raba wutar da ba ta daidaita ba zuwa sikwens uku don lissafin matsalar layi. In ka ji 'yan bayoloji na faɗin kalmar, jerin haruffan A, C, G da T na ƙwayar halitta suke nufi, ba ruwanka da shi.

Ka rubuta wa mashawarcin ka nemi tsarin zango-zango na mai farawa a Janairu, a rubuce. Ka tambaye shi waɗanne kwasa-kwasai ne sau ɗaya ake buɗewa a shekara, ko ana koyar da Kalkulas 2 a hutun bazara, nawa ne kuɗinsa, kuma ko tallafin karatunka ya haɗa da shi, domin sau da yawa ba ya haɗawa. In za ka ɗauke shi a wata kwaleji mai arha, karɓi amincewar sashenku a rubuce kafin ka biya. In tsarin ya nuna zango tara, a ganina gara ka nemi a ɗage maka gurbin zuwa Agusta, ka fara tambayar ko tallafin zai jira ka.