Tambaya da Amsa: Karate ba za ta ƙara mai faɗa ba kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekara tara garai, ga ƙiriniya ga faɗa, kullum sai an kawo min ƙara daga Islamiyya. Babanshi ya ce a sa shi karate wai zai natsu, ni kau tsoro nake ji kar a ƙara mai ƙarfin bugun ɗiyan mutane. Mi kika gani?
Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya wannan karon ina bayan maigida, amma fa da sharaɗi.

Abin da yaro ke fara koya a wurin ba naushi ba ne, tsayuwa ce a layi, a ce tsaya ya tsaya, a ce sake ya sake, motsi ɗaya sai ya maimaita shi har ya gaji ba ya da bakin cewa uffan. Yaron da ko minti biyar ba ya iya zama wannan kaɗai magani ne. Ga bel ɗin nan da suke ɗaurawa, da fari ake farawa, baƙi sai an shekara da shekaru, kuka ko rigima ba su sa a ba ka. A taikwando ta Koriya ma, wadda wasa ce mai kama da karate, kame kai na cikin ƙa'idoji biyar da ake haddace ma yara, kuma ita ce Chika Chukwumerije ya ciwo ma Najeriya tagulla da ita a Olamfik ta 2008 a Beijin, kin ga ba wasan 'yan iska ba ne.

Mu nan ma ai mun sani, ɗan damben kirki ba ya kai ma yaro hannu a kasuwa, a fage yake nuna ƙarfinshi.

Sharaɗin shi ne malamin. Ki je da kanki ko ki tura babanshi ya zauna ya kalli darasi guda, in koci na zagi ko yana haɗa ƙanana da manya su daki juna, ku ɗauko ɗanku. Ki tambaye shi kai tsaye mi yake ma yaron da ya yi faɗa a unguwa, na kirki dakatar da shi yake. Batun sunkuyawar da 'yan karate ke yi wurin gaisuwa in bai kwanta muku ba ku faɗa mai tun farko.

Kar ki sa ran canji a sati biyu. Kuma da zafin garin nan ki nemi ajin bayan la'asar wanda bai ci karo da Islamiyya ba, ki riƙa cika mai gorar ruwa.