Amsa: Ta ina zan fara da darussan Ted Greene?

Ɗan'uwa, ka ce ka samo takardun darussan marigayi Ted Greene, malamin jita ɗan Amurka, amma yawan kod-kod (wato sautukan da ake kaɗawa tare a lokaci ɗaya) ɗin da ke ciki ya sa ka rasa ta inda za ka kama. Kada ka karaya. Mutumin ya shafe shekaru yana koyar da jita a Kalifoniya har ya rasu a 2005, kuma yawancin takardun da hannunsa ya rubuta wa ɗalibai. Ba don a haddace su a zama ɗaya aka yi su ba. Ko littafinsa Chord Chemistry na 1971, a ganina taska ce da ake komawa a ɗebo, ba a bin sa shafi-shafi.

Abin da ya fi damuwa da shi shi ne yadda kowane sauti ke tafiya daga wannan kod zuwa na gaba. Gwada kod-kod uku, Dm7, G7 da Cmaj7, da yatsu biyu kacal. Danna sautin F a tsirkiya ta huɗu (ana ƙirgawa daga mafi siriri) gaɓa ta 3 a wuyan jita, da C a tsirkiya ta uku gaɓa ta 5. Sauko da C zuwa gaɓa ta 4, ya zama B: ka shiga G7 ke nan, F bai motsa ba. Sai ka sauko da F zuwa gaɓa ta 2, ya zama E, ga Cmaj7. Kaɗa a hankali, ka riƙa rera sautin da ke motsawa da bakinka, domin kunne ake horarwa kafin yatsu.

Idan wannan ya zauna, ƙara sautin ƙasa (wato sauti mai kauri na tushen kowane kod), sannan ka kai shi sauran makullai goma sha ɗaya, wato ka maimaita shi kana farawa daga kowane sauti daban. Daga nan ka ɗauki takarda ɗaya tak, ka sa abin da ke cikinta a waƙar da ka riga ka iya.