Me ya sa na'urar gwajin sukari ke nuna lambobi mabambanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da ciwon sukari, kuma ni ce nake yi masa gwaji a gida kowace safiya. Jiya na gwada shi na ga 142, bayan minti biyu na sake gwadawa na ga 158, da na ɗauko na'urar ƙanwata sai ta nuna 131. Hankalina ya tashi, domin wani mai sayar da magani ya faɗa masa cewa waɗannan na'urori ƙarya suke yi, har ya fara cewa zai daina gwajin. Wace lamba zan yarda da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba Baba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, domin lambobin nan uku ba su saɓa wa juna ba. Ƙa'idar ISO 15197 ta shekarar 2013, wadda ake auna ingancin na'urorin gida da ita, ta tanadi cewa kashi 95 cikin 100 na sakamakon na'ura kada ya kauce wa na ɗakin gwaje-gwaje da fiye da kashi 15 cikin 100 idan sukari ya kai 100 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a jini) ko sama, idan kuma ƙasa da haka ne, kada ya kauce da fiye da 15 mg/dL. Idan ainihin sukarin Baba 150 ne, na'ura mai kyau tana iya nuna ko wace lamba tsakanin 128 da 172, kuma 131 da 142 da 158 duk suna ciki.

Akwai abubuwan da ke ƙara wannan tazara, kuma akasarinsu a hannunki suke. Ragowar zaƙi a yatsa yana ɗaga lamba sosai, saboda haka a wanke hannu da sabulu, a bari ya bushe. Zafi da laima suna lalata tsinken gwaji, wato wanda ake ɗiga wa jini, haka nan barin kwalbarsa a buɗe ko amfani da wanda wa'adinsa ya wuce. Ƙarancin jini yana iya sa lamba ta fito sama da gaskiya. Ki kuma duba ma'aunin da na'urar take amfani da shi, domin 8 a mmol/L daidai yake da 144 a mg/dL. Ana ninka lambar mmol/L ne da 18 a samu ta mg/dL.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne maganar mai maganin nan, domin kusan kullum ina cin karo da ita. Ana ɗaukar ɗan bambancin da masu ƙera na'urar da kansu suka bayyana, a mayar da shi hujjar cewa gwajin baki ɗaya banza ne, sai majiyyaci ya koma dogaro da yadda yake ji a jikinsa. Wannan ganganci ne, domin sukari yana iya zama sama da 250 na tsawon watanni mutum bai ji komai ba, alhali yana yi wa idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa illa a hankali. Na'urar da ta nuna 280 ba ta nufin 120, ko da ta yi iyakar kuskuren da aka yarda mata. Kuma ki lura, mutumin da ya ce na'ura maƙaryaciya ce idan ta nuna lamba mai yawa, shi ne zai gwada majiyyaci kafin shan haɗinsa da kuma bayansa, ya nuna masa sukari ya sauka daga 158 zuwa 142, ya ce ga aikin magani. Ke da kanki kin samu wannan bambancin jiya ba tare da Baba ya sha komai ba. Da irin wannan yaudara ake raba mutane da ƙwayoyinsu da allurar insulin, sai a kawo mana su a sume ko da gyambon da ya ƙi warkewa, a lokacin kuwa mai maganin ba ya kusa. Haka kuma kada a riƙa maimaita gwaji har sai an samu lambar da rai ke so, a rubuta ta a kai wa likita, domin a kan abin da kuka rubuta muke ƙara magani ko rage shi.

Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko kuma Baba yana karkarwa da zufa da ruɗewa, kada a tsaya gardamar lamba. A ba shi giram 15 na sukari muddin yana iya haɗiya, a sake gwadawa bayan minti 15.

Ki tsaya a kan na'ura ɗaya, ki riƙa rubuta lamba da lokacin gwaji. Ranar da za a ɗibi jinin Baba a asibiti kafin ya ci abinci, ki tafi da na'urar ki gwada shi a daidai wannan lokaci, sannan ki kwatanta sakamakon biyu. Ki kuma nemi a yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarinsa na wata biyu zuwa uku da suka gabata.