Jirgi, Teku da Bahar Maliya: Kalmomin da Kakanni Suka Dawo da Su Daga Ruwa

Wasiƙun da suka taru a wannan makon duk a kan abu guda suke, wato maganganun da tsofaffi suka bari a gida bayan sun yi aiki ko doguwar tafiya a jirgin ruwa. Zan fara da wadda ta fi buƙatar bayani.

Wata malama daga Zariya ta rubuto ta ce: "Malam, kakanmu ya rasu tun ina ƙarama, abin da kawai muke ji a gida shi ne ya daɗe yana aikin jirgi a Ikko. Baffanmu ya ce reluwe ake nufi, gwaggonmu kuma ta ce jirgin ruwa ne, domin tana tuna yadda yake ambaton sitima da anga da helumansu. Mece ce ma'anar jirgi ta asali, kuma wane ne ya fi gaskiya a cikinsu?"

Malama, Allah ya jiƙan kakanku, ya kai haske kabarinsa. Gwaggonku ce ta fi kusa da gaskiya, kuma hujjarta tana cikin kalmomin da ta riƙe, ko da ba ta san hujja ba ce. Jirgi a tsohuwar Hausa shi ne kututturen icen da aka fafe cikinsa ana haye kogi da shi, irin wanda Sarkawa da masuntan Yawuri da Argungu suke aiki da shi tun kaka da kakanni. A wancan zamani ba a cewa "jirgin ruwa", domin babu wani jirgi da ba na ruwa ba, kamar yadda ba wanda yake cewa "kifin ruwa". Sai da layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911 aka sami wani abu mai ɗaukar mutane da kaya da yawa a lokaci guda, aka ara masa sunan, aka ce jirgin ƙasa. Da jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano a 1925 kuma aka sami jirgin sama. Daga nan ne mai asalin sunan ya zama dole a yi masa ƙari kafin a gane shi. Yau idan Bakano ya ce "jirgi ya tashi" ba wanda zai tuna da kogi, kuma a tsakiyar ƙarnin da ya wuce idan aka ce wane yana aikin jirgi, yawancin mutanen Zariya reluwe za su fahimta, tunda garin mahaɗar layin dogo ne. Don haka baffanku bai yi wauta ba, ya bi ma'anar da ta fi yawa a garinsu ne.

Abin da ya raba gardamar shi ne sitima da anga. Dukansu aro ne daga Turanci. Sitima jirgin ruwa ne mai tafiya da tururi, anga kuwa shi ne ƙaton ƙarfen nan mai ƙugiya da ake sakewa da sarƙa ya kama ƙasan ruwa don jirgi ya tsaya, kuma ma'aikacin reluwe ba shi da abin da zai haɗa shi da ko ɗaya. Heluma, wato shugaban leburori, ba ya taimaka mana, domin akwai shi a reluwe, akwai shi a ma'adinan kuza na Jos, akwai shi a bakin tashar jiragen ruwa. Wani abin lura shi ne sunan sitima ya fi tururin kansa tsawon rai. Manyan jiragen fasinja na kamfanin Elder Dempster da suka yi zirga-zirga tsakanin Libaful da Ikko bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato Accra na 1947 da Apapa na 1948 da Aureol na 1951, da injin dizal suke tafiya, amma a bakin tsofaffi duk sitima ne. Tafiyar takan ɗauki kimanin mako biyu, ana tsayawa a Firitawun da Takoradi, kuma Aureol ya ci gaba da zuwa Ikko har 1974.

Ya kamata in faɗi gaskiya cewa Hausawa ba su da yawa a cikin ma'aikatan da suke bin jirgi har Turai. Aikin ya daɗe a hannun mutanen Kuru na Laberiya da Saliyo, daga baya kuma, musamman tun lokacin yaƙi, aka riƙa ɗaukar mutanen kudancin Najeriya a Ikko, masu zuba kwal a wutar inji da masu shafa mai da kuku da masu wanki. Inda aka fi samun Bahaushe shi ne a bakin tasha, wurin lodi da sauke kaya da gadi, ko kuma a matsayin ɗan kasuwa mai rakiyar kayansa. Saboda haka "aikin jirgi a Ikko" yana iya nufin kakanku ya yi shekarunsa a tashar jiragen ruwa ta Apapa yana loda buhunan gyaɗa ba tare da ya taɓa barin gaɓa ba, yana kuma iya nufin ya shiga teku. Idan kuna son tabbaci, ku bincika tsohon akwatinsa ko adakar kakarku. Duk wanda ya yi aiki a cikin jirgin kasuwanci ana ba shi wani ɗan littafi na sallama, wanda ake rubuta sunan kowane jirgi a ciki, da ranar da ya hau da ranar da ya sauka da shaidar halinsa. Ku dubi shekara da kyau idan kun same shi, domin suna kaɗai yana ruɗarwa: akwai wasu Accra da Apapa da suka gabace su waɗanda Jamusawa suka nutsar a 1940, na bayan yaƙi gadon suna suka yi. Idan kuwa shekarun sun wuce 1959, mai yiwuwa ku ga sunan jirgin kamfanin gwamnatin Najeriya, wanda aka kafa a wannan shekara aka kuma rushe shi a 1995.

Kafin in bar wannan, ina so ki lura da kalmar matuƙi. Aikatau ɗin da mace take yi wa tuwo da muciya shi ne namiji yake yi wa ruwa da filafili, duka tuƙi ne, kuma daga kwale-kwale kalmar ta hau sitima, ta hau mota, ta hau jirgin sama, inda babu abin da ake juyawa a cikin ruwa ko kaɗan.

Wasiƙa ta biyu daga wani bawan Allah ce a Zangon Kumasi. Ya ce kakansa na wajen uba fataucin goro ya yi, kullum zancensa "teku", kakarsa ta wajen uwa kuwa, wadda ta je Makka ta hanyar Sudan, ba ta taɓa cewa teku ba sai "Bahar Maliya". Yana tambaya ko akwai bambanci tsakanin kalmomin biyu, kuma wace ce Hausa ta ainihi.

Alhaji, babu ta ainihi a cikinsu idan ana nufin wadda aka haifa a gida. Ƙasar Hausa tana da gulbi da kogi da rafi da ƙorama da tafki da kududdufi, kowanne da sunansa, amma ba ta da babban ruwan gishiri, don haka sunansa sai da matafiya suka kawo shi. Abin sha'awa a gidanku shi ne kowane ɗaya daga cikin tsofaffin nan biyu ya riƙe kalmar ƙofar da ya bi ya ga ruwan. Masana harshe da dama suna danganta teku da Yarbanci, inda "okun" yake nufin babban ruwa, "eti okun" kuma bakinsa, wato Bahaushen da ya isa Ikko ya ji ana kiran wurin da ya tsaya da wannan suna, sai ya ɗauke shi a matsayin sunan ruwan duka. Wannan ya dace da tarihin kakanka. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, kuma a hankali fatake suka gane cewa maimakon watanni a kan jakuna ta hanyar Gwanja, ana iya kai huhun goro Ankara ta Gana ko Sakwandi a sa shi a sitima zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, daga baya ma jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi arziki da wannan hanya a farkon ƙarni na 20. A Ankara babu tashar da babban jirgi zai matso gaɓa, sai ya saki anga can nesa a riƙa kai masa mutane da kaya a ƙananan jirage cikin igiyar ruwa, kuma haka aka ci gaba har aka buɗe tashar Tema a 1962, ko da yake Takoradi ta sami tata tun 1928. Wanda ya ga huhun goronsa yana lilo a kan irin wannan igiya ba zai manta da sunan teku ba.

Bahar kuwa Larabci ne, kuma ya shigo ta littattafan malamai da ta hanyar alhazai. Larabawa a rubuce "jan teku" suke kiran ruwan da ke tsakanin Sudan da Hijaz, amma mutanen Sudan da Masar kogin Nilu ma bahar suke ce masa, saboda haka idan suna nufin wancan sai su ƙara da "malih", wato mai gishiri. Wannan "malih" shi ne ya zama Maliya a bakin Hausawa. Alhazan da suka taka da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur, wasu suna shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙodago, a Sawakin suke tarar da shi, su shiga jirgi su haye zuwa Jidda, kuma zuriyar waɗanda ba su dawo ba suna nan a Sudan har yau. Kakarka ta kira ruwan da sunan da ta ji a bakin masu fito da ita. A Hausar yau teku ce ta zama kalmar gama-gari, ana cewa Tekun Atlantika da Tekun Indiya, bahar kuwa ta tsaya a 'yan sunayen da aka gada, irin su Bahar Maliya da Bahar Rum, na biyun yana nufin ruwan Rumawa.

Tunda na ambaci fito, shi ne haye da mutane ko kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, daga nan aka sami jirgin fito da kuɗin fito. A garuruwan kan iyaka an ɗauke kalmar daga ruwa an ɗora ta a tudu, ana cewa fiton kaya ga tsallakar da su daga wata ƙasa zuwa wata. Haka ma "ƙasashen ƙetare" da muke ji a rediyo, asalinsa ƙetaren kogi ne.

Ta uku daga Bauchi take. Mai rubutun ya ce mahaifinsa yana cikin mazan jiya da aka kai ƙasar Bama ta Asiya a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma duk lokacin da ya tuna tafiyarsu a ruwa yakan ce "ruwa ba sa'an kwando ba ne", idan kuma ya haɗu da tsohon abokinsa na soja sai ya ce "jirgi ɗaya ya kwaso mu". Wani abokin mai rubutun ya gaya masa cewa wannan ta biyun ba Hausa ba ce, fassarar maganar Turawa ce.

Ɗan'uwa, abokinka ya yi gaggawar yanke hukunci. Gaskiya ne Turawa suna da magana mai ambaton jirgi ɗaya, amma tasu tana duban waɗanda suke cikin jirgin yanzu, haɗari ɗaya yana fuskantar su. Tamu tana duban baya ne, kuma nauyinta yana kan "kwaso", aikatau ɗin da ake yi wa abubuwa masu yawa a haɗe ba tare da zaɓe ba, da wasalin ƙarshe mai nuna an taho da su nan inda mai magana yake. Shi ya sa Bahaushe yake faɗarta ga mutum biyu masu hali ɗaya, ko ra'ayi ɗaya, ko matsala ɗaya, sau da yawa ma da ɗan zambo a ciki, kamar a ce wa malalata biyu jirgi ɗaya ya kwaso su. Hoton da ke ƙarƙashinta na mafitar kogi ne, inda mai jirgi yake ɗebo duk wanda ya tarar a gaɓa, attajiri da almajiri, ya sauke su tare. A bakin mahaifinka kuwa maganar ta tashi daga karin magana ta koma labari tsantsa. Runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma ta tafi Indiya a 1943, ta zagaya ta kudancin Afirka, Runduna ta 82 ta bi baya a 1944, kuma jiragen da suka ɗauke su yawancinsu jiragen fasinja ne na kamfanoni da gwamnatin Ingila ta karɓa saboda yaƙi, da ma'aikatansu farar hula a ciki. Samari ne daga ƙauyuka waɗanda mafi girman ruwan da suka sani shi ne Gongola ko Binuwai da damina, aka kwashe su makonni ba sa ganin gaɓa, ga amai da jiri, ga tsoron jiragen yaƙin da ke bi ta ƙarƙashin ruwa.

"Ruwa ba sa'an kwando ba ne" tsohuwar magana ce wadda ba ta da alaƙa da teku a asali. Sa'a a nan ba sa'ar nasara ba ce, ba kuma ta agogo ba. Sa'an mutum shi ne tsaransa, wanda za su iya karawa. Kwando ba ya riƙe ruwa, saboda haka ana faɗa wa wanda ya tunkari abin da ya fi ƙarfinsa. Wasu matasa suna rubuta "sa'ar kwando", wanda kuskure ne da ke sauya ma'anar gaba ɗaya, domin ya mai da tsara ya koma rabo. Mahaifinka, da ya sa kansa da dubban 'yan'uwansa da jirgin da ke ɗauke da su a matsayin kwandon, ya faɗe ta daidai da yadda aka gada, da "sa'an" ɗinta.